Bakanike a Bayan Motar Burodi

"Maigida, sake danna maɓallin!" in ji bakanike daga cikin motar.

Mai burodi ya danna. Ƙofar baya ta yi ƙas, ta ci gaba da zamanta a rufe.

Dama halinta ke nan. Tana buɗe kanta a tsakiyar titi ta yi wa karnuka sadakar burodi, a ƙofar kanti kuwa ta kafe. Tun bara mai burodi ke kawo tsohuwar motar gareji, kullum amsa ɗaya: "Ƙaramin aiki ne, dawo gobe."

Yau da ya yi kukan cewa masu kantuna sun fara gudunsa, bakanike ya daure ya shiga baya don ya ɗan leƙa sakatar. Ƙofa ta rufe da shi. Ba taga, ba mariƙi ta ciki.

Zafi babban malami ne. Kafin gumi ya kai masa ƙugu ya gano tsinkakkiyar waya, ya fiƙe ta da haƙori, ya haɗa.

"Na gama! Wallahi dannawa ɗaya za ta buɗe!"

"Ka tabbata ta gyaru?"

"Har jikokinka sai sun more ta! Danna, ɗan'uwa, na fara dahuwa!"

Mai burodi ya goge maɓallin da hannun riga, ya jefa makulli a aljihu.

"Akwai burodi a kusurwa," ya ce. "Ƙaramin aiki ne. Zan dawo gobe."