Jan Takalmi a Ƙafar Ɗan Wani

Bari ka ji misalin da kawuna ke bayarwa duk sanda ya ga babba na sakin baki a kan ɗan wani.

Wai akwai wani mai shagon tayil, irin mutanen nan da in sun zauna a benci sai kowa ya san sun iso. Duk Asabar da safe yaran unguwa na atisayen ƙwallo a filin firamare, iyaye kuma su jeru a inuwar darbejiya suna kallo. Mutumin nan ya saya wa ɗansa takalmin ƙwallo ja jawur, kuma da takalmin nan yake gane yaron, don idonsa ba ya hango nesa, ga shi ya rantse ba zai sa tabarau ba, wai na tsofaffi ne. Yaran kuwa daga nesa duk kansu ɗaya, aski iri ɗaya, riga ruwan ɗorawa iri ɗaya. Abin da bai sani ba, da yake kullum a makare yake zuwa da waya a kunne, kocin yana da doka: mai takalmi ya buga rabin lokaci, sannan ya cire ya ara wa wanda ba shi da shi. Karɓa-karɓa dai.

To ran nan ya iso bayan an yi musanya. Ya zauna kusa da wani mai facin taya, mutum shiru-shiru, wanda kowa ya san ɗansa ba shi da takalmi, haka yake bugawa. Sai ga jan takalmi ya yanke mutum biyu ya zura a raga. Mai tayil ya miƙe har hula na faɗuwa, "Jinina ke nan! Ku kalla fa!" Can kuma ga wani yaro ba takalmi yana ɗingishi a kan tsakuwa, ƙwallo ta zo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Gogan naka ya ɗaga murya yadda har mai tsaron ragar can ƙarshe zai ji, yana satar kallon mai faci: "Kai, wancan ɗan waye? Ƙafa kamar taliya! A mayar da shi gida ya taya uwarsa tsintar shinkafa mana!" Mai faci ya taɓa masa hannu ya ce, "Alhaji, tsaya ka ji." Mai tayil ya fizge hannunsa. "Malam, gaskiya ɗaci gare ta. Ni da nawa ne wancan, wallahi ba zan yarda a gan mu tare a hanya ba." Mai faci ya sake taɓa shi, ya sake fizgewa. Sauran iyaye kowa ya sunkuyar da kai, shi kuwa ya ɗauka maganarsa ce ta yi nauyi.

Koci ya busa usur. Mai jan takalmi ya zauna ya kwance igiya, ya miƙa wa mai ɗingishin da godiya, ya ruga da gudu wajen mai faci yana "Baba, ka ga cina?" Ɗayan yaron ya taho a hankali, takalmi a hannu, tafin ƙafa duk ya fashe don bai saba taka tsakuwa ba. Sai da ya zo dab uban ya ga fuskar. Yaron bai yi kuka ba fa, kuma wannan ne ya fi ciwo. Ya ajiye takalmin a gabansa ya ce, "Abba, ka hau mashin ka tafi, zan taho a ƙafa. Kar a gan mu tare a hanya."

Ƙasa ta ƙi tsagewa balle mai tayil ya shige. Mai facin da ya so ya kunyata shi ne ya durƙusa, ya fasa ledar ruwansa da haƙori, ya wanke wa yaron ƙafa. Mai tayil na tsaye da hula a hannu.

Daga baya ya ba da haƙuri, ya sayo sabuwar ƙwallo, har tabarau ɗin ya sa. Yaron ya ce ba komai, Abba. Amma jan takalmin na nan rataye a ƙusa, Asabar ta zo ta wuce ba mai taɓa shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.