Motar da Ta Dawo Wayam daga Texas

Gulchehra ce ke raba wa direbobin mahaifinta lodi, don haka ta riga kowa ganin motar Sanjar, ɗaya daga cikinsu, a kwamfuta, ta baro Texas ta nufo Ohio ba kaya a cikinta. A wannan sana'a, mil ɗin da aka yi da kaya shi kaɗai ake biya. Gara direba ya yi ta kwana a mota yana jiran lodi da ya dawo wayam.

Ga shi yanzu zaune gaban mahaifinta, idanu jajur, ita kuwa tana tsaye riƙe da butar shayi.

"Wa zai biya ka wannan tafiyar?" in ji mahaifin nata, Bahodir, mai motocin.

"Ba kowa, Yaya Bahodir. Man ma daga aljihuna na sha."

"To haukan na mene ne?"

Sanjar ya saci kallonta, ya sunkuyar da kai. "An ce gobe masu neman aurenta za su zo. Ita kuwa ba za ta jira sai na sami lodi ba."

Gulchehra ta dube shi. Wannan fa shi ne mutumin da kan mil ɗaya tak sai ya yini yana musu da ita.

Bahodir ya karɓi butar. A al'adarsu ta ƙabilar Uzbek, in aka cika wa baƙo kofi, an sallame shi ke nan. Gulchehra ta kasa ko ƙifta ido.

Dattijon ya tsiyaya ɗan kaɗan, iya gindin kofin, ya miƙa masa.

"Sha a hankali, ɗana. Zamanka zai yi tsawo."