Kwamfutar Da Dije Ta Hana A Sayar

To, Alhaji, tunda ka rantse sai ka kwashe tsoffin kayan ofishinka ka bai wa 'yan jari-bola, dakata ka ji wani misali tukuna.

An yi wani mai ɗaukar hoto a Funtuwa, sunansa Tanimu, mutum mai son sabon abu kamar me. Yau a ce sabuwar waya ta fito, gobe ka gan ta a aljihunsa. Duk hoton biki ko suna da ya ɗauka, a wata ma'ajiya ta intanet yake zuba shi. Kalmar sirrin shiga kuwa, tun ranar da ya ƙirƙire ta kwamfuta ta tambaye shi ko ta riƙe masa, ya ce riƙe mana, bai sake bi ta kanta ba. Da ya sayi sabuwar kwamfuta, mai shagon ya kwafe masa komai daga tsohuwar zuwa cikinta, har da kalmar. Tsohuwar, wata ƙatuwa mai gurnani kamar injin markaɗe, ya kai ta gida zai sayar. Matarsa Dije ta ce atafau ba za a ba da ita a kuɗin goro ba. Ta tura ta lungun ɗaki, ta lulluɓe ta da zane, ta jera kwanuka a kai. Tanimu ya yi ta yi mata tsiya, wai ta mai da ɗaki gidan tarihi.

Ana nan, ran nan da hantsi yana shagonsa, sabuwar ta nuna masa an fito da sabon tsari, ko yana so a sabunta ta? Tanimu da sabo! Ko bayanin bai karanta ba ya danna. Ta gama juye-juyenta ta tashi fes. Yana cikin yaba ta sai ga wata dattijuwa ta yi sallama, Iya Kulu, mahaifiyar wani direba Mamuda da ya rasu a haɗarin mota shekarun baya. Ta ce jikanyarta ta yi wayo, kullum sai ta tambayi kamannin ubanta, wayar da hotunansa ke ciki kuwa a haɗarin ta salwanta. Shi ne ta tuna Tanimu ne ya ɗauki hoton sunan yarinyar.

"Ɗan nan, ko guda ɗaya ne ka taimaka mini, in nuna mata fuskar ubanta."

Tanimu ya bugi ƙirji ya ce ta zauna, yanzun nan. Ya buɗe ma'ajiya, sai ta tambaye shi kalmar sirri. Ashe sabuntawar nan ta share duk abin da kwamfutar ta riƙe masa. Ya gwada sunan mahaifiyarsa, ya gwada sunan shagonsa, ya gwada lambar babur ɗinsa, duk a banza. Ya danna wurin da aka tanada don wanda ya manta, aka ce an tura masa saƙo ta layin wayarsa. Wane layi? Wanda ya yar tuntuni don ya samu wani mai kyawun lamba. Aka kuma gargaɗe shi in ya ci gaba da lalube za a rufe ma'ajiyar. Gumi ya karyo masa. Abin da ya fi ci masa rai, dattijuwar ko ƙorafi ba ta yi ba. Ta ce ba komai, Allah bai nufa ba, ta gyara mayafi za ta tashi. Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya roƙe ta ta dawo bayan la'asar, shi kansa bai san me zai nuna mata ba.

Ya je gida, abinci ya gagara ci. Dije ta saurari labarin har ƙarshe, ta miƙe ta fara sauke kwanuka ɗaya bayan ɗaya. Ta yaye zanen ta ce, "Maigida, ita wannan ai ba ta ji labarin sabon tsari ba."

Ya kakkaɓe ƙura, ya jona wuta. Wani kyankyaso ya fito daga bayanta a guje. Ta yi gurnani, ta yi shiru, har ya fid da rai, sannan fuskarta ta kawo haske. Ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa ya buɗe ma'ajiyar, sai ga gurbin kalmar sirri cike da ɗige-ɗigensa, yadda ya bar shi. Ya yi bisimilla ya danna, ta buɗe. Tanimu ya zauna daɓas a tabarma yana ta alhamdu lillahi, ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Nan take ya sa sabon layinsa, ya shiga inda kwamfutar ke adana kalmomi don ya ga abin da ya wahalar da shi. Sunan Dije ne, da shekarar aurensu. Ta leƙo ta gani ta ce, "Au, har babur ka tuna, ni ce ba ka tuna ba?" Ya sosa ƙeya ya shiga neman hoton Mamuda.

Bayan la'asar Iya Kulu ta dawo riƙe da hannun jikanyarta. Ya miƙa mata hoton da ya wanke: Mamuda cikin farar riga, rungume da jaririya, yana dariya. Ta goge shi da bakin mayafi, hawaye na zuba, ita ma tana dariya. Ta ɗaga haɓar yarinyar ta ce, "Kin ga inda kika samo wushiryarki?"

Kwamfutar nan tana nan a lungunta da kwanukanta, Tanimu bai ƙara kiran ɗakin gidan tarihi ba. Saboda haka, Alhaji, kafin ka kira 'yan jari-bola su kwashe, kunna kowace kwamfuta ka ga abin da ta riƙe maka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.