Ranar da Aka Hana Kotso

"A aje kotso waje," in ji Malam Sirajo na kwamitin shari'a. "Labari ya halatta, waƙar noma ma haka. Kiɗa ne babu."

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara ke nan, kwalejinmu a Kaura Namoda ta gayyato Gado mawaƙi da 'yan amshinsa daga Zurmi. Gado bai yi musu ba. Aka jingine kayan kiɗa a bakin ƙofa.

Ya ba mu labarin manoman da, sannan ya ɗauko waƙa. Sai ta karkace. Shi yana gaba, 'yan amshi na baya. Ɗalibai suka fara dariya.

Malam Sirajo ya ɗaure fuska, ya ƙwanƙwasa tebur. Muka yi tsit. Ya sake ƙwanƙwasawa, yanzu da hannu biyu. Waƙa ta miƙe, ta bi teburin har ƙarshe.

Da aka tashi na ce, "Baba Gado, tsufa ne ya sa ka kuskure?"

Ya ce, "Wane tsufa? Da gangan na yi, ɗiyata. A da, shekara ashirin Sirajo ya yi yana kaɗa min kotso. Bai taɓa jin waƙa ta karkace ya ƙyale ba."