Haikalin da Taha Ya Hau

Kwana tara ke nan Taha yana kiran uwarsa bayan La'asar ya ba ta labarin ƙasar Sin. Da zai bar gida cewa ya yi kwana uku zai yi, ya saro carbi da darduma na shagonsa da ke unguwar Misfala a ƙasa mai tsarki ya dawo.

Hajiya Rabi ta gyara zama a kan kujerar ƙarfe, ƙugunta ya gaji da ita. Masu fararen kaya suna ta kai da komo a gabanta, ba wanda ya kula ta. Ta kara wayar a kunne.

Yau wani tsohon haikali ya ce sun je gani a ƙololuwar dutse. Matakala dubu shida, gajimare a ƙasan ƙafarka. Akwai ƙararrawar tagulla da ta girmi kakannin kakanninsu, sai da gungumen itace ake buga ta. Masu ibadar wurin kawunansu a aske ƙwal, suna share ganye, turaren wuta na tashi. Mutane suna ɗaura jan ƙyalle a jikin sarƙa, kowa da roƙonsa.

Yana faɗa yana tsayawa yana jan numfashi.

"Wannan hakin fa?"

"Hawa ne, ya Ummi. Ta'aban nake, na gaji wallahi."

"Wa ya aike ka? Ko dutsen Jabal Nur da ke nan kusa ba ka taɓa kaiwa rabi ba, sai dutsen mutane. Ka dai yi salla?"

"Yanzu na idar da La'asar."

A zuriyarsu ba a kai wa tsohuwa labari mai nauyi, ita ma haka ta yi wa tata uwar. Abu ɗaya take so ta ji, shi ta tambaya.

"Yaushe za ka sauko?"

"Sun ce saura kaɗan a kai ƙarshe. Daga nan sai gida, in Allah ya yarda."

"To ka taka a hankali. Kada ka ɗaura musu ƙyalle, roƙonka yana wurina."

Ta kashe wayar, amma muryar ba ta yanke ba. Ta ƙasan ƙofar da ke gefenta take fitowa, ɗaki na huɗu a sashen masu ciwon daji, yana tambayar matarsa Nuf ko tana ganin tsohuwa ta yarda.