Fuskar Kakin Zuma

Tun safe uwargida ta kasa zaune ta kasa tsaye. Yau ake jana'izar ɗanta tilo, namiji na ƙarshe a zuriyar da ta daɗe tana juya Roma. Bisa al'ada, mutane za su sa fuskokin magabata na kakin zuma su raka gawa. Wanda zai sa ta marigayi mijinta bai zo ba, aka jawo wani bawa daga madafa aka ɗaura masa.

Ta daka masa tsawa. "Cire! Gidan nan ya zama abin wasan bayi?"

Ya cire. Ta dubi kakin, ta dube shi. Hanci ɗaya, haɓa ɗaya.

"Wace ce uwarka?"

"Mai yi miki kitso, ranki ya daɗe."