Cinikin Kawu

"Kawu, ka bar sigari, ni kuma in fara tafiyar safen da likita ya ce."

"Na yarda, ɗana!" Kawu ya miƙa hannu, yana ganin ya ci banza. Ai tun da maganin taɓin hankali ya raba ɗan ƙanwarsa da jin muryoyi, ya bar masa ƙiba da ciwon sukari, ko ƙofar gida ba ya leƙawa.

Washegari sai ƙwanƙwasa: "Kawu, sa takalmi!"

Haka kullum, Kawu na haki, shi yana tsokana: "Wai ni ne marar lafiya ko kai?"

Shekara ta zagayo, likita ya rage maganin sukari, tarin Kawu ya ɗauke. Duk sun ci riba. Mai sayar da sigari kaɗai ke amsa gaisuwarsu ciki-ciki.